Yadda Na Ciyar da Kifin Balan

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata bazara ba, wadda ta biyo bayan daminar da ruwa ya yi mana rowa. Zafi kamar a soya gyaɗa a tsakar gida, rumbuna sun kusa ƙasa, miya kuwa ba ta san nama ba. Idon kowa a unguwarmu a Balan yana kan tafkin bayan gari. Nan shanu ke sha, nan muke wanki, kuma mai unguwa ya hana kamun kifi sai ranar su, ranar da za a raba wa kowane gida.

A shekarar na gama ajin yaƙi da jahilci. Ni mace ce mai sanyin magana, amma tun da na iya haɗa baƙi da wasali sai kaina ya fi ƙarfin ɗankwalina.

Akwai buhun takin zamani a zaurenmu. Malamin gona ne ya ba maigidana, shi kuwa ya rantse ba zai zuba wa gonar ubansa gishirin Nasara ba. Na taɓa jiyo malamin ta bayan zana yana cewa taki abinci ne, duk abin da ya ci shi sai ya yi ƙiba. Sai na yi nawa lissafin: in dawa za ta yi ƙiba, me zai hana karfasa? (Kada ku yi dariya, a lokacin har mamakin basirata na yi.) Duk ranar da na je wanki sai in cika ƙwarya in watsa a tafki, da bisimillata, har buhun ya kwanta.

Ba a jima ba ruwa ya fara kore. Gansakuka ta lulluɓe shi, ya koma kamar miyar kuka mai kauri. A gidan suna aka tayar da zancen, mata na ta jimami. Da na yi shiru da na tsira, amma sai na gyara zama.

"Ku kwantar da hankalinku, aikina ne," na ce. "Ciyawa na shuka wa kifi. Ranar su sai kun nemi manyan tukwane."

Gwaggo Tabawa, maƙwabciyarmu mai baki kamar aska, ta dube ni. "Iyar Audu, a allon naku aka rubuta haka?"

"Ilmi ne, Gwaggo."

"To, Allah ya amfana."

Kwanaki kaɗan bayan haka wari ya tashe mu. Na bi mutane zuwa bakin tafki. Karfasa ce birjik a saman ruwa, cikinta fari yana kallon sama. Shanun Fulani sun sunsuna sun juya. Mai unguwa ya aika aka kira malamin gona, ya zo a kan kekensa yana toshe hanci. Ya ce ruwan da ma ya ragu, ga zafi, ga kashin shanu da ruwan sabulu, duk abincin gansakuka ne. In ta yi yawa ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa.

"Amma wannan ta wuce misali," ya ce. "Kamar wani ya zuba mata taki."

Ba wanda ya nuna ni da yatsa. Matsawa kawai aka yi, a hankali, har na ga ni kaɗai ce a tsaye a fili.

"Malam, ai ga abokiyar aikinka nan," in ji Gwaggo Tabawa. "Malama, wace tukunyar za mu ɗauko, babbar ko ta suna?"

Maigidana ya dubi ruwan ya ce, "Da ma na ce ba zan sa shi a gonata ba." Iyakar kariyar da na samu ke nan.

Ranar na gane wanda bai sani ba ya fi mai rabin sani sauƙi, don shi ko ba komai yana tambaya. Yaran unguwa ba su ci kifi ba a shekarar, nawa ma suna ciki.

Washegari na ɗauki kwando da rariya na tafi tafki, na ɗaure zani na shiga kwasar gansakuka. Gwaggo Tabawa ta zo wucewa, ta tsaya ta ce, "Sannu da girbi." Na amsa, "Yawwa, Gwaggo," na ci gaba da kwasa.