Ranar da Na Zama Ƙwayar Cuta a Goronyo

Ba zan taɓa mantawa da darasin da aka zo duba ni a kansa ba, lokacin da nake koyon aikin koyarwa a wata sakandare a Goronyo. Makin wannan darasi shi zai raba gardama: ko in karɓi takardar malanta, ko in maimaita shekara.

Batun da ya faɗo mini kuwa mai taurin kai ne. A jikin mutum akwai wata ƙwayar gado da ke ba da umarnin ƙera wani furotin. Shi furotin ɗin aikinsa tada wani inji da ke cikin fararen ƙwayoyin jini, injin kuma ya feso wata guba, sufa'oksayid, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta. Na karanta wa ɗalibai haka daga littafi, suka zuba mini ido kamar ina yi musu Sinanci. Sai na ce su tuna injin ban ruwa na fadama, komai kyansa ba ya tashi sai an ja igiya. Nan take aka fara gyaɗa kai.

Da na tsaya a nan da na tsira. Amma ni, sarkin dabara, sai na ce wasa za mu yi.

Cikin ɗalibai, Luba ce ƙwayar gado, ita za ta tada Isiya. Isiya ne furotin, shi zai ja igiyar da na ɗaura wa bencin baya. Ƙattin bencin baya su ne inji, su yi ta jifa. Na ce kowa ya zo da abin jifa mara nauyi (ni takarda dunƙulalliya nake nufi, na manta cewa da 'ya'yan manoman albasa nake magana). Ni kuma zan fita in dawo a matsayin ƙwayar cuta.

"Duk wanda ya shigo ta ƙofar nan, cuta ne," na ce. "Kada ku raga masa."

Da ranar ta zo, an ce mai dubawa sai bayan ƙarfe tara zai iso, don haka na ce mu gwada tukuna. Na zagaya bayan aji na zura kaina cikin wani buhu da na huda wa idanu. Ina cikin kokawa da shi na ji aji ya kaure da ihu. Na ce a raina, kai, yaran nan akwai zumuɗi. Na taho da gudu ina gurnani, hannuwa sama, na faɗa ciki.

Ta hudar buhu na hango shi. Malam Garba, dattijon da kwaleji ta turo, cikin farar babbar riga, ya kare fuska da jakarsa, hularsa tana ƙasa, ƙananan albasa na sauka a kansa. Ashe ya yi sammako daga Sakkwato.

Na yi ta ihu, "Ku tsaya! Ku tsaya!" Ina! Sun ga cuta ta biyu ta shigo, suka juyo da sauran albasar kaina. Sai da albasar ta ƙare aka samu lafiya.

Na cire buhun. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, in ja ta in rufe.

Malam Garba ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. "Mi yaf faru nan?"

Isiya, da igiya har yanzu a hannunsa, ya ce, "Baba, Malam yac ce dut wanda yash shigo cuta ne. Luba tat tashe ni, ni ko nij ja igiya."

"To mi ad dalilin jan igiya?"

Sai ga Isiya, wanda ban taɓa jin ya amsa tambaya ba, yana zubo darasin tiryan-tiryan, daga ƙwayar gado har zuwa guba. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni, yana shafa goshinsa da ya fara tasawa.

"Ɗana, tada inji kam sun iya. Wa ka aza shi kashe shi?"

Ban aza kowa ba. Na manta sam cewa ko a jiki, in gubar nan ta wuce kima, mai gida take ci. Na sunkuyar da kai ina jin warin albasa a wuyana.

Ya ba ni makin wucewa, Allah ya saka masa. Ya ma cika aljihu da albasar, wai ladan wahala. Yau shekaruna da yawa ina koyarwa, ina kuma jin daɗin aikina, ko da yake har gobe in na ratsa kasuwar Goronyo sai wani magidanci ya ɗaga murya, "Malam Cuta, an wuni lahiya?" In amsa, don ni na ja wa kaina.

Tun daga ranar, ko murhu zan koya wa yaro kunnawa, da kashewa nake farawa.