Yaƙin Sulhun Azurfa da Jan Ƙarfe

Godiya ta tabbata ga wanda ya halicci ƙarfe, ya kuma jarrabe mu da masu gaggawa. Bayan haka, wannan tarihin Muntari ne ɗan Ilu, ɗan Barau, ɗan Sarkin Maƙera Tanimu, wanda kakanninsa suka narka ƙarfe da gumi da zugazugi, shi kuwa ya zo a ƙarshen zamani yana narka shi a kwamfuta, ƙarƙashin fanka, da lemon kwalba a gefe. Muntari giwar sashen kimiyya, ɗalibin digiri na biyu da ya ga naɗin shugabannin sashe ya ga saukarsu yana nan daram, kainuwa dashen Allah!

Farfesa Talatu, mai duba aikinsa, ita ta buga tambarin yaƙi. "Malam Muntari, ranar Juma'a zan tafi hutun shekara guda. Ka kawo sakamako in sa hannu. In ka wuce Juma'a, ka ƙara shekara."

Aikin shi ne ya nuna a allon kwamfuta yadda ƙwayoyin zarra na azurfa da na jan ƙarfe ke zama in an gauraya su. Ita kuwa kwamfuta jaka ce, sai an ba ta doka: yadda kowace ƙwaya za ta ja maƙwabciyarta, da yadda za ta ture ta. Dokar azurfa da 'yan'uwanta tana hannunsa, ta jan ƙarfe ma haka. Ta tsakaninsu ce babu, neman ta kuwa sai an yi karatu, Muntari kuma ba ya shiri da karatu.

A karon farko ya jera rundunoni, farare a gabas, jajaye a yamma, ya danna maɓalli. Suka taso da hamasa da izza, suka ratsa juna suka wuce, ko sallama babu, kamar 'yan gida ɗaya masu gaba a kan gado.

A karo na biyu ya yi irin ta dillalin shanu a kara: ya haɗa dokokin nan ya raba biyu, wai a raba gardama. Subhanallahi! Ƙwayoyi suka tarwatse gabas da yamma, kudu da arewa, allo ya zama fayau. Sagiru abokin zamansa a ofis ya leƙo ya ce, "Oga, sojojinka sun yi hijira."

Sai sadauki ya fusata, ya cire hula, ya naɗe hannun riga, kwamfuta tana ta zubo masa gargaɗi. "Yau ko ni ko ke!" in ji shi. Duk sunan ƙarfen da ta yi ƙorafi a kansa ya fille masa kai, ya sa wanda take karɓa. Ni kuwa ina faɗa ƙiri-ƙiri: wanda ya toshe bakin mai gargaɗi bai gyara komai ba.

Nan take fa aka ga abin al'ajabi. Farare da jajaye suka rungumi juna, suka tsaya sahu-sahu cikin natsuwa da lumana, babu mai ture wani. "Nasara! Sagiru, zo ka shaida!" Ya saya wa masinja tsire, ya kira gida ya ce a fara yi masa ɗinkin bikin kammala karatu.

Ranar Juma'a da hantsi ya shiga ofishin Farfesa yana taƙama. Ta gyara tabarau ta dubi allon.

"Ƙwayar azurfa ta fi ta jan ƙarfe girma. Ya aka yi naka suka zo kai ɗaya?"

"Ranki ya daɗe, albarkar sulhu ce."

Ta buɗe layin da ake rubuta sunayen ƙarafan. A gurbin farko an rubuta jan ƙarfe. A na biyu ma jan ƙarfe.

"Malam Muntari, babu azurfa a nan, ka kore ta. Jan ƙarfe ka shafa wa farin fenti, ka sasanta shi da kansa." Ta mayar da biro cikin jaka, ta zuge. "Allah ya kai mu baɗi."

"Amin," in ji giwar sashen kimiyya.