Sai Ƙarshen Wata

Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwa da mutum guda, Baba Ƙa'ida. Tsohon mai kula da sito ne a wani kamfanin siminti, kuma har ya yi ritaya ko ƙurar buhu ba ta taɓa fita ba da izininsa ba. Tafiyarsa ma a kan tsari take, ƙafar dama ba ta shiga lokacin ta hagu. Da aka zo zaɓen shugaban iyayen yara na makarantarmu, shi ya tsayar da kansa, shi ya goyi bayan kansa, mu kuma muka tafa don mu samu mu koma gona.

Ana nan sai wata ƙungiya ta aiko da katan-katan na audugar mata, saboda 'yan matanmu kan yi zaman gida duk lokacin da al'ada ta zo musu, karatu yana wuce su. Wa zai riƙe amanar kaya in ba gwani ba? Baba Ƙa'ida ya sa aka share ɗakin ajiyar tsintsiya, ya jera katan kamar bulo, ya danna kwado mai girman kan jariri, ya rataya makullin a wuya.

Sannan ya tara mu ya yi jawabi. Sunan kayan dai bai iya fita daga bakinsa ba, sai "kayan nan".

"Jama'a, kayan nan na lalurar wata-wata ne. To, me ake yi wata-wata? Albashi. Yaushe ake albashi? Ƙarshen wata. Saboda haka za a buɗe sito ƙarshen kowane wata, a sallami kowa a rufe. Wannan shi ake kira tsari."

Maza suka gyaɗa kai, don ba su san komai ba. Mata suka sunkuyar da kai, don sun san komai.

Malamar ajin ƙarshe ta bi shi har gindin bishiya, ta durƙusa ta ce, "Baba, jarrabawar fita tsakiyar wata za a yi. Abin nan kowace yarinya da lokacinta. Ko katan ɗaya a bar mini a ofis."

Ya dube ta da tausayi irin na masana. "'Yata, kowa da lokacinsa ai shi ne hargitsi. Ki faɗa musu su daidaita."

Ranar jarrabawa ya sha babbar riga, ya ɗauko mai hoto, don duniya ta ga aji cike albarkacin tsarinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara hula, ya kumbura ƙirji. Mai hoto ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, bencinan zan ɗauka ko mu jira masu su?" Ɓangaren 'yan mata duk giɓi ne. A cikin giɓin har da wurin autarsa, wadda ya cika wa kasuwa kunne cewa ita za ta zo ta ɗaya.

Ya kwashi riga ya nufi gida, makulli na dukan ƙirjinsa. Ya tarar da Auta a ɗaki ta naɗe a kan tabarma, kayan makarantarta a shanye a igiya, uwarta na yayyaga tsohon zane.

"Mene ne haka? Wata duka-duka rabi ya yi."

"Sai ka fita ka faɗa wa watan," in ji uwar, ba ta ko ɗago ba.

"Kada ki kawo mini wasa. Ni da hujja nake aiki. Tun da na aure ki, ba duk ƙarshen wata kike ɗaure kai ki kwanta ba?"

Ta ajiye zanen, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Malam, ƙarshen wata danginka ke cika gidan nan su zo taya ka murnar albashi. Kwanciyar gudun tukunya ce. Sunkuyo."

Ya sunkuya, don bai saba jin wannan murya ba. Ta zare makullin daga wuyansa kamar mai cire wa akuya igiya, ta yafa mayafi ta fita. Kafin a jima an ga 'yan mata suna fitowa gida-gida, suna bin bayanta da sauri, Auta a gaba. Sun shiga aji an riga an ci rabin lokaci, amma sun rubuta abin da ya samu.

Da yamma muka same shi a gindin bishiya, wuya fayau, yana yi wa masu shan iska bayani.

"Tsarin ba shi da aibu," ya ce. "Matsalar ƙasar nan ita ce mata ba sa kiyaye lokaci."