Yadda Za Ka Gyara Gidan Hayarka da Iya a Ciki

Kana da gidan haya? Akwai ɗan hayar da ya fi ƙyauren gidan daɗewa a cikinsa? Kana so ya fita, amma kana so a ci gaba da gaishe ka a masallaci? To, ka kwantar da hankalinka. Matakai bakwai ne kawai, kuma ina ba ka tabbacin kafin damina ta raba tsakiya za a kwashe kaya. An gwada su a kan Alhaji Ilu, wani ɗan kasuwar hatsi a Gumel, wanda ya gaji gida mai ɗaki uku daga mahaifinsa, ya kuma gaji Iya Fadimatu a ciki.

Mataki na ɗaya: Ka lura cewa gidan ya lalace

Kada ka yi saurin lura. Tsaga a bango ba ta ganuwa sai ranar da ta zo da amfani. Alhaji Ilu ya shekara tara yana wucewa ta ƙofar gidan nan a kan babur, bai taɓa ganin komai ba. Sai wata Alhamis a kasuwar Maigatari wani mai fiton kaya ya ce masa yana neman gida a Gumel, mai tayil da banɗaki a ciki, ko nawa ne zai kama. A ranar, a hanyarsa ta dawowa, idon Alhaji ya buɗe. Ya ga tsaga, ya ga kwano ya yi tsatsa, ya ga zaure ya karkace, har tausayin tsohuwar ya kama shi.

Ka riƙe wannan tausayin da kyau. Shi ne kayan aikinka.

Mataki na biyu: Kada kalmar “tashi” ta fito daga bakinka

Mutumin kirki ba ya korar tsohuwa. Gyara yake yi, ita kuma ta tafi wajen danginta kafin a gama, shi kuma ba ya gamawa. Iya ta shekara arba'in da ɗaya a gidan. Ta goyi Alhaji yana jariri, kuma har yau duk Gumel ita kaɗai ke ce masa Iluwa, ko da kuwa a gaban masu awon gero ne. Irin wannan ba a aika mata takarda. Da ƙafa ake zuwa.

Mataki na uku: Ka tafi da babba, ka riƙe goro

Alhaji ya ɗauki Kawu Ishaƙ, ƙanin mahaifinsa, don a ce an yi komai a gaban manya. Ya shirya zancensa gida biyu: na farko, za a gyara gidan, na biyu, sai ta koma Ɗanzomo wajen 'yan'uwanta, don aikin zai ja lokaci. Ya maimaita su a kan babur har ya haddace.

Iya ta shimfiɗa musu tabarma, ta tambayi lafiyar kowa har da tumakin Kawu, ta ba da labarin yadda marigayi Malam, mahaifin Alhaji, ya dasa darbejiyar tsakar gida da hannunsa. Kawu ya share hawaye. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ajiye goro, ya ce, “Iya, gidan nan dai za a gyara shi.”

Nan ya tsaya ya ja numfashi. Wannan shi ne kuskuren da masana ke gargaɗi a kai: kada ka numfasa a tsakiyar magana a gaban tsohuwa. Kafin ya sauke numfashin Iya ta ɗaga hannu sama ta fara sa masa albarka, Kawu yana amsawa da amin. Ta haɗa da 'ya'yansa da jikokin da ba a haifa ba. Ta ce wa Kawu dama ta sani, yaron da ta goya ba zai bari rufi ya faɗo mata ba. Rabin zancen na biyu ya dawo gida tare da mai shi.

Mataki na huɗu: Ka ɓuya ranar godiya

Ka san al'adarmu. Idan aka yi maka alheri ba kai kaɗai kake godiya ba, dangi kake tarawa su raka ka. Kuma duk wanda ya zauna aka yi masa godiya ya amsa, ya ɗaure kansa da igiyar da ba alƙalin da zai kwance ta. Saboda haka ka ƙirƙiri tafiya. Ka tafi Gagarawa sayen riɗi, ka kwana uku.

Alhaji bai tafi ba, don bai san ranar ba. Ranar Asabar da hantsi ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gidansa daga Ɗanzomo, a-daidaita-sahu biyu na biye da ita. Dangin Iya mutum goma sha huɗu suka sauko, da zabi huɗu, da ƙwaryar man shanu, da limamin unguwarsu Iya da aka biya aka ɗauko a hanya. Alhaji ya yi niyyar ya ce ai maganar ba ta ƙare ba. Sai ya ji ƙamshi daga kicin: matarsa, Hajiya Ummulkhair, ta riga ta sa an yanka biyu daga cikin zabin. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya ce zai ambaci wannan a wajen karatu don sauran masu gidaje su ji kunya.

Alhaji ya ce ba komai, yi wa kai ne. A rubuta cewa da bakinsa ya faɗa.

Mataki na biyar: Ka yaye rufi, ka sallami magini

Kada ka karaya, akwai sauran dabara. Ka bari sai hadari ya fara haɗuwa a gabas, ka sa a cire kwano gaba ɗaya, sannan ka gaya wa magini a asirce cewa ba gaggawa. Ba mai zama a ɗaki ba rufi. Alhaji ya yi haka, sannan ya je ya tsaya cikin jimami ya kawo shawarar Ɗanzomo, tunda iskar ƙauye ma ta fi lafiya.

Iya ta dube shi ta girgiza kai. “Haba Iluwa. In tafi ƙauye mutane su ce ɗana yana da gida mai ɗaki shida a garin nan ya rasa inda zai ajiye ni? Ni ba zan ba ka kunya ba.”

Kafin la'asar amalanke ya yi sawu uku da kayan Iya zuwa gidan Alhaji.

Mataki na shida: Ka daure

Haƙuri ado ne ga mai gida, musamman wanda ba shi da zaɓi. Iya ta sauka a ɗakin baƙi da akuya uku da tukwanen sana'arta. Sana'ar kuwa daddawa ce. Ta kafa murhu a bayan tagar falo, ta dafa kalwa, ta rufe ta kwana uku kamar yadda ake yi. Hajiya ta ƙona turaren wuta na wata guda cikin mako ɗaya, daddawa ta yi nasara. Iya ta ɗanɗana miyar gidan ta ce ba laifi, ga yaran yanzu. Ta hana yara kallo bayan magariba. Da mai fiton kayan Maigatari ya zo jin inda aka kwana, ita ta kai masa ruwa, ta zauna ta ba shi labarin yadda Iluwa ya kai shekara bakwai ana shanya tabarmarsa kowace safiya.

A mako na uku Hajiya ta haɗa akwati ta ce za ta je Sule Tankarkar duba mahaifiyarta, wadda lafiyarta ƙalau. Ta ce a kira ta ranar da labulenta ya daina wari.

Mataki na bakwai: Ka gama aikin da gudu

Yanzu ka nemo maginin da ka ce ya huta, ka roƙe shi. Alhaji da kansa ya riƙa miƙa bulo. Cikin kwana goma sha tara aka buga kwano, aka sa tayil, aka ja famfo, aka yi banɗaki a kowane ɗaki. Ya ɗauko Iya a mota ya kai ta ta gani, zuciyarsa na addu'ar abin da bai taɓa zaton zai roƙa ba: Allah ya sa ta koma.

Iya ta taka tayil da yatsan ƙafa ta ce wannan santsin sai mai sauran gwiwa. Ta leƙa ɗaki, ta ga ƙofar banɗaki kusa da inda gado zai zauna, ta toshe hanci ta tambaya ko yanzu haka ake yi, mutum ya kwana da masai. Ta yaba fenti. Sannan ta dafa kafaɗarsa.

“Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Amma ni na saba da can, ga yara suna ɗebe min kewa. Wannan kada a bar shi a rufe, ka samu wani ka sa.”

Ka gani? Ɗan haya ya fita da bakinsa, ba wanda ya ce masa tashi, liman kuma har yanzu yana ambaton sunanka. Alhaji ya ciro waya zai kira mutumin Maigatari, sai ta yi ƙara a hannunsa. Hajiya ce. Ta ji labarin an gama gida mai tayil, kuma ba kowa a ciki. Ta ce a aika mota a kwaso mata gadonta da kujerunta da labule, bayan an wanke, don daga tasha can za ta wuce. Shi kuma, in ji ta, ya zaɓi inda zai riƙa cin tuwo.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da gidan haya, ba ta da tayil, kuma ba za ta amsa kiran kowa ba a gaban mai unguwa. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da akuya a barandarsa, shi ya jiyo. Ba a karɓar ƙorafi, ba a mayar da zabin da aka riga aka ci. Masu neman daddawa kuma su daina tsayar da ni a hanya: ku je gidan Alhaji Ilu, ku yi sallama a hankali, mai gidan tana barcin rana.