Yadda Na Tsufar da Jitar Baba Mamman

Ko da zan manta sunayen ɗalibaina kaf, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban dattawan Aliero ina bayanin dalilin da ya sa na lakaɗa wa sabon katako duka ba.

Ni malamin Fiziks ne a wata sakandare a Jega, kuma kamar yawancin waɗanda karatunsu ya fi hankalinsu yawa, ina da cutar son abin da ba ya kusa. Tawa cutar jita ce mai aiki da lantarki, irin ta mutanen da, wadda na riƙa kallo a waya: gefenta baƙi, cikinta ja zuwa ruwan ɗorawa, kamar rana tana faɗawa gulbi. Da shugaban makaranta ya ce kowane malami ya kawo abin da za a nuna ranar baje kolin kimiyya, sai na ce jita zan haɗa. (Abokan aikina sun zaɓi murhu mai tsimin itace da injin ban-ruwa. Mutanen kirki.)

Ɓangaren lantarki ban ji tsoronsa ba. Maganaɗisu ne da wayar tagulla siririya kamar gashi, ka yi ta naɗawa har idonka ya yi ruwa. Katakon ne ya fi ƙarfina, shi ya sa na hau babur na nufi Aliero wurin Baba Mamman, kafinta kuma masassaƙi, wanda ya tsufa yana yi wa manoman albasa ƙofofi da gadaje, bai taɓa riƙe jita ba.

Ya daɗe yana kallon hoton. "Wagga aba ƙugu gare ta," ya ce. "Mi a aikinta?"

"Kiɗa, Baba."

"To, ba kowane icce ka magana ba."

Ya shiga rumfa ya kori akuya ya jawo wani falankin maɗaci da ya ce daga Mungadi ya samo shi tun babban ɗansa yana goye, ya ajiye yana jiran aikin da ya isa. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne, ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. Ni da na yi shekaru ina koyar da yadda sauti ke tafiya a allo, ranar na fara ganin mutum yana sauraren itace, itacen kuma yana amsa masa.

Wata biyu ina zarya. Na ga ya fitar da ƙugun nan da gizago, ba zane ba awo. Wuyan jitar da ido ɗaya ya miƙe shi. Na zo da rula a ɓoye na gwada (Allah ya yafe mini), ban sami karkata ko ta silin gashi ba. Man sheƙi kuwa shafi bakwai ya yi, kowanne sai ya bushe a rufaffen ɗaki, ya goge, ya sake. Ranar da ya miƙo mini ita, fuskata na gani a jikinta, har da furfurar da nake musun akwai.

Na ɗaura wayoyi, na kai wa Malam Bulus, abokin aikina da ya iya kaɗawa. Muka jona da lasifika, ya ja yatsa sau ɗaya. Wani sauti ya fito mai kauri da zaƙi, ya cika ofishin malamai ya ƙi mutuwa. Mai shara ya tsaya da tsintsiya a sama. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, don na san falankin nan lokacin da akuya ke kwana a kansa.

Da a nan na tsaya, da yanzu ni mutum ne mai daraja.

Sai na koma waya. A can na ga cewa masana ba sa son jitar da ta yi kama da ta da tana ƙyalli. Wai sai an tsufar da ita, ta nuna kamar an yi shekara hamsin ana kaɗawa. Na rufe ɗaki ranar Asabar. Na sa samfefa na cinye inda hannu ke gogawa. Na buga mata tarin makullai. Na kankare gefe da wuƙa, na jiƙa maɓallan cikin shayi don su yi ja. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya? Me ta yi maka?" Na ce mata fasaha ce, ba za ta gane ba.

Ranar baje koli na ɗora ta a tebur da kati mai manyan baƙaƙe: AIKIN KATAKO: BABA MAMMAN, ALIERO. Abin da ban lissafa ba shi ne, tsohon ya yi wata guda yana ba abokansa labarin madubin da ya yi da maɗaci. Sai ga shi cikin babbar riga, da dattawa huɗu a bayansa, duk masu ba shi aiki.

Suka tsaya. Ɗayansu, Alhaji Garba, ya sunkuya ya karanta katin, ya dubi jitar.

"Mamman, wagga ta madubin da kac ce muna? Wata guda fenti ya saɓule? Ko buhun albasa da yaf faɗo daga mota bai yin wanga rauni. Ni da nike shirin ba ka ƙofofin sabon gida!"

Baba Mamman ya matso kusa. Ya bi kowane tabo da yatsa, a hankali, kamar mai duba jikin jikansa. A nan na gane abin da na yi: mutumin da ba shi da allon talla sai sunansa, ni na rubuta sunan da hannuna na ajiye kan ɓarna.

Na karɓi makirufo daga hannun shugaban makaranta, na shaida wa iyaye da ɗalibai cewa lafiya lau ya ba ni ita, ni na yi mata haka, da gangan, ranar wata Asabar, da makullan gidana, don ta yi kama da wadda aka daɗe ana kaɗawa.

"To madalla," in ji Alhaji Garba. "Tunda ka gaji da ita haka, kaɗa muna mu ji."

Ban iya ba. Ko kaɗan. Wata uku ina haɗa jita, bai taɓa zo mini a rai in koya ba. Na ja waya ɗaya, lasifika ta yi kukan jaki, ɗalibai suka kwanta da dariya.

Baba Mamman ya zaro gizagonsa daga jakar da ba ya rabuwa da ita, ya miƙo mini ƙotar. Ta yi baƙi, ta yi santsi, kuma akwai wani ɗan kwarmi daidai inda babban yatsansa ke zama.

"Malam, sa yatsanka nan. Shekara arba'in ta yi wanga. Kai kana son ka yi shi ranar Asabar."

Na sa. Har yau ina jin wurin a yatsana.

Ya naɗe jitar a mayafi ya tafi da ita. Bayan sati uku ya dawo da ita tana ƙyalli kamar farko, sai tabo ɗaya na makulli da ya bari a baya. Ya ce wannan nawa ne, ba ya taɓa kayan mutane. Alhaji Garba ya ba shi ƙofofin, amma ya kafa sharaɗin kada a bar ni in matso kusa da su.

Yanzu kowace Laraba ina zama gaban Malam Bulus kamar ɗan aji ɗaya. Kwanan baya na lura inda hannuna ke gogawa ya fara dusashewa, ɗan wuri bai kai ƙwayar gero ba. Na yi lissafi irin na malamin Fiziks: in na ci gaba a haka, jitar za ta yi tsufan da nake so ina da shekara ɗari da 'yan kai. Na haƙura. Makullan kuma matata ke riƙe su.