Yashin Bakin Kogi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Gashua ba, ko da na tsufa har na fara manta sunayen jikokina. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin otal da ke bayan gari, ni ke kula da tafkin ninkaya. Eh, tafkin ninkaya a Gashua. Mai otal ɗin ya gano a Abuja, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi nasa. (Masu shiga ba su da yawa. Yawancin baƙi a baki suke tsayawa su ɗauki hoto, su ce ma sha Allah, su koma ɗaki.)

Aikin kuwa kamar don ni aka yi shi, domin tun ina Nguru aka san ni da zama in zuba wa abu ido har a kira sunana ban ji ba. Da safe in kwashe ganyen darbejiya da raga, in zuba magani, in kunna inji, sai in zauna in tsoma ƙafa. Ruwan shuɗi ne garau, kana hango layin tayil na can ƙasa. Idan tsuntsaye suka taso daga wajen dausayin Dagona suka gifta, sai in ga inuwarsu tana iyo a ƙarƙashin ƙafata. A nan nake gina gida, in shafe shi, in sa masa ƙofar ƙarfe, in zaunar da Yagana a tsakar gida tana tsifar kai, duk ban motsa daga inda nake ba.

Yagana ita ce wadda nake nema a Nguru. Magana ta yi nisa, abu ɗaya ya rage: danginta su tabbatar ina da sana'ar riƙe mata. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na riga na baza musu cewa ni injiniyan ruwa ne. Sai aka aiko cewa ƙanen mahaifinta, Baba Modu, zai zo ranar Asabar ya ga wurin aikina da idonsa. Abin da ya faɗa in ya koma, shi za a yi.

To bari in nuna muku inda injiniyancin nawa yake. A wani ɗan ɗaki kusa da tafkin akwai tanki mai ƙaton ciki kamar randa, cike da yashi. Shi ne matatar. Inji ya jawo ruwa ya tura shi ta sama, ruwan ya ratsa yashi ya bar dauɗarsa a ciki, ya fito ta ƙasa ya koma tafki fes. Idan dauɗa ta taru, allurar agogon da ke jikin tankin sai ta hau. Sai ka kashe inji, ka juya mariƙin da ke kansa, ka sake kunnawa, ruwa ya biyo yashin ta baya ya wanke shi, dattin ya fita ta kwata. Wannan duk na iya, har ido rufe.

Amma a makon nan ruwa ya fara dusashewa. Na wanke matata, na sake wankewa, allura ta ƙi sauka. Na buɗe murfi na zura hannu, na ji yashin ya dunƙule kamar ɗumamen tuwo. Manajarmu, Madam Rifkatu, mutuniyar Filato ce da ba ta son wargi, ta kira wanda ya haɗa injin a waya. Ya ce yashin ya tsufa, sai an sake, kuma sabon daga Kano ake kawo shi a buhu, sai mako mai zuwa.

"Yashi daga Kano?" na ce. "Madam, a Yobe muke fa."

"Ka bar shi yadda yake," ta ce. "Kada ka taɓa komai."

Na koma bakin tafki na zauna, abin yana cina. Mu da rairayi ke binne mana gonaki, mu ne za mu jira motar Kano ta kawo mana yashi? Na lumshe ido na hango Baba Modu tsaye a bakin ruwa yana kallon fuskarsa a ciki, yana gyaɗa kai. Na hango shi a Nguru yana cewa, "Yaron nan ruwa ma biyayya yake masa." Har na ji guɗa a kunnena.

Bayan an sauko daga Juma'a na samu Malam Audu mai amalanke, muka gangara bakin kogi. Ni da kaina na zaɓi wuri, inda yashin ya fi laushi, don a tunanina iya laushinsa iya tacewarsa. Na kwashe tsohon da kwanon sha, na ari rariya a kicin na tankaɗe sabon kamar mai shirin tuwon suna, na cika tanki na rufe. Na ce wa Malam Audu gobe ya ƙaro mini wani in ajiye. Ban gwada ba. Babu wuta, Madam kuma ba ta yarda a tada janareto sai da dalili. (Gaskiyar magana, so nake kunnawar farko ta zama a gaban Baba.)

Asabar da hantsi ya iso, dogon dattijo mai farin kaftani, ɗan kasuwar busasshen kifi, ba ya yawan magana. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da Barbarci, "Wushe, wushe, ɗana." Ni kuwa na sha rigar aiki, har da hular kwano da na aro wurin wani magini. An kawo wuta, na ce lallai yau ranata ce. Na kai shi ɗakin inji, na bubbuga tankin da yatsa.

"Wannan yashin da ke ciki, Baba, ba irin namu ba ne. Daga Turai ake kawo shi."

"Ikon Allah," ya ce.

Na danna maɓalli, muka fito bakin tafki. Daga ramukan jikin bango wani abu ya fara fitowa a hankali, fari-fari, yana naɗewa yana warwarewa cikin shuɗin ruwan kamar hayaƙin turaren wuta. Wallahi da farko kyau ya yi mini. Na tsaya ina kallo, na manta ni na jawo shi. Sai farin ya koma ja, jan ya koma ruwan ƙasa. Layin tayil ya ɓace. Matakalar ƙarfe ta ɓace rabi. Sai ƙarnin taɓo ya taso, wanda duk ɗan Nguru ya san shi tun yana goye.

"Haka yake yi?" Baba ya tambaya.

"Haka yake farawa, Baba. Yana ɗan motsa jiki ne."

Madam Rifkatu ta fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. "Wayyo ni! Me ka zuba a ciki?" Tana rufe baki, sai ga ƙarar amalanke a ƙofa, ga Malam Audu yana ɗaga mini hannu da murna.

"Injiniya! Ga sauran yashin naka. Yau na samo maka wanda ya fi na jiya laushi, daga mashayar shanu!"

Na ji hular kwanon ta yi mini nauyi. Da ƙasa ta tsage da na shige, da tafkin yana nuna mutum da ban yarda na kalle shi ba. Baba Modu ya tsuguna, ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya shinshina, ya murza da yatsu, ya goge a gefen dakali. Ya miƙe ya kaɗe kaftani.

"To, ɗana, na gani," ya ce. Ko ruwan sanyin da na tanadar masa bai sha ba.

Kwanakin da suka biyo baya a cikin tafki na yi su, bayan an zubar da ruwan, ina kwasar laka da bokiti, Madam tana tsaye a kaina. Yashin Kano ya iso, na ga ashe tsakuwa-tsakuwa ne, wankakke, ba ya bin ruwa. Ban kira Yagana ba, kunya ta hana ni. Na riga na haƙura, har na fara tsara yadda zan tsufa ni kaɗai.

Ita ta kira. Na ɗauka, sai dariya, har tana shaƙewa.

"Baba ya tara dangi ya ba da labari," ta ce. "Ya ce kai dai ba injiniya ba ne."

Zan fara ba da haƙuri, ta katse ni.

"Amma ya ce a ba ka. Wai mutumin da ya dama kunu tafki guda, 'yarsu ba za ta kwana da yunwa a gidansa ba."

An ɗaura aure bayan kaka. Har yau in na je gaida surukata, sai ta miƙo mini kofin kunu, fuskarta ba alamar wasa, ta ce, "Duba mana, ya yi kauri? Kai ne masani." Ni kuma in karɓa da hannu biyu in sha. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa surukai ƙarya, ka fara sallamar mai amalanke.