Ampili Ukku, Batir Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ɗiyar yayata ɗakin miji ba, ko da yake har gobe ban yarda duka laifina ne ba.

Abokan ango suka soma. Wai tsohuwar motata ba ta dace da ɗaukar amarya ba, a bari katkat ɗinsu, babbar motar nan mai ratsa yashi, ta yi. Ni ko tun yarinyar tana 'yar makaranta a lakol na yi mata alkawari kawunta zai kai ta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce tun da ba zan fi su fenti ba, zan fi su ƙara.

Na samo ampili ukku, na'urorin ƙara ƙarfin sauti, na shaƙe bayan mota da lasifiku. Da hannuna na ja wayoyin (in je garaji a yi mani dariya?), na ɗaure su duka bisa kan batir ɗaya, mai shekarun da ban iya tunawa. Akwai wata 'yar siririyar waya da ke kashe ampili in an zare makulli. Na dube ta, na ga ba ta da wani kwarjini, na haɗe ta ita ma da batir kai tsaye.

Ranar biki tun hantsi na buɗe ƙofofi na saki kiɗa, inji a kashe don kada mai ya ƙare. Jama'a, Dakoro ta ji ni. Kwanonin samira na rawa bisa tabarma, har awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Ina ta yawo da makulli a yatsa.

Bayan la'asar katkat ta wuce gaba da kayan ɗaki, ƙauyen ango ba nisa, kan hanyar Roumbou. Aka fito da amarya a lulluɓe, aka zaunar da ita tare da kakarta, Inna. Na murza makulli. Ƙyas. Na sake. Ƙyas. Kiɗan ma ya yi wani gurnani ya mutu.

Samari suka tura, yashi ya riƙe tayoyi. Na ce a sauke amarya a nemi wata dabara.

Inna ta ce, "A gidanmu amarya ba ta shiga ta fito sai ƙofar miji. Kai da ka sa ta, kai za ka kai ta."

Daga ƙarƙashin lulluɓi na ji murya ƙasa-ƙasa: "Kawu, ka dai yi alkawari." Wallahi sai da zufa ta jiƙa mani riga.

Shanun huɗa biyu aka ɗauro wa motar da igiyar rijiya. Ina zaune ina riƙe da sitiyari (ban san abin da nake tuƙawa ba), mata na biye suna kiɗan ƙwarya. Abokan ango suka tarbe mu bakin gari, ɗaya na tambayata ko in rage gudu. Na ci gaba da murza sitiyarina. Da Inna ta fito da amarya, na ga kafaɗunta na girgiza, mata na cewa kukan rabuwa ne. Ni na san dariya take.

To, su yi ta yi. A motar wa ta iso? Tawa. Ampili kuwa ko ɗaya ban cire ba, na ƙara batir na biyu, na mai da 'yar wayar nan inda ya kamata. Abu ɗaya na koya: duk bikin da na je yanzu, bisa tudu nake aje mota, hancinta na kallon gangara.